Wata Goma Sha Takwas a Kan Gada

Shekarar da aka garƙame masana'antar gilashi
mu ɗari huɗu muka fito ta ƙofa ɗaya,
kowa da takardar sallama a aljihu.
Toledo ta yi tsit kamar gidan makoki bayan sadakar uku.
Har shagon wanki na kan kwana
ya manna takarda a taga, yana neman ɗan haya.

Sai aka ce gwamnati ta kwance bakin jaka.
Za a gyara wata gada a kan kogin Maumee,
wadda tsatsa ke cin ƙafafunta tun ban zo ƙasar ba.
Aka ba ni hular kwano da riga ruwan ɗorawa,
aka kafa allo mai tsayin mutum biyu
yana shaida wa masu mota inda kuɗin suka fito.

Ni da Wendell Pruitt muke ɗaurin rodi.
Shekararsa hamsin da bakwai, gwiwa ta fara yi masa gardama.
Da asuba, in sanyi ya hana yatsu lanƙwasuwa,
yakan ce, "Tanimu, kar ka saba da albashin nan,
baƙo ne, bai ma sauke jakarsa ba."
Ni dai na biya hayar wata biyar da ake bi na,
na aika wa Inna kuɗin aikin ido a Funtuwa,
na saya wa Ummita takalmin shiga ƙanƙara.

A rediyon mota masana biyu suna ta ja-in-ja.
Wannan ya ce kowace dala za ta haihu,
wancan ya ce bashi ne, jikoki za su biya.
Ban ji alamar ɗayansu ya taɓa riƙe shebur a watan Janairu ba.
Na murɗe rediyon.
Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Wata goma sha takwas.
Aka yanke ƙyalle da ƙaton almakashi,
aka tafa, aka ɗauki hoto.
Ranar Litinin aka karɓe huluna.

Mu sittin ne a kan gadar.
Na ƙirga a yatsa, na sake ƙirgawa,
goma sha ɗaya na sani masu aikin da ya zauna.
Marisela Ochoa, mai sayar mana da abinci a bayan mota,
yau tana da shago, tebur shida, ma'aikata biyu,
ba ta cikin lissafin kowa.
Ni na koyi walda a hannun wani dattijo lokacin hutun rana,
ita ke ci da ni yanzu, mil talatin daga gida.
Wendell yana tattara kekunan saye a bakin babban kanti,
kwana uku a mako, in an kira shi.

Ummita ta zo da aikin makaranta:
shin kuɗin gwamnati na samar da aiki mai ɗorewa?
Layi biyu aka bar mata ta cike.
Na buɗe baki, Marisela ta faɗo mini,
kafin in yi magana Wendell ya biyo baya.
Na ce ta tambayi malamarta ko za a ƙara mata takarda.

Jiya na gan shi a tashar bas, ruwa na zuba,
na tsaya, ya shigo yana jan ƙafa.
Ba mu ce komai ba har tsakiyar kogi.
Can ya dafa kafaɗata, ya ce in rage gudu.
"Ginshiƙi na bakwai," in ji shi,
"rodinmu na nan a ciki."
Na bayanmu suna ta danna mana hon.